Tsohuwar Kwamfuta a Gidan Talaka: Mu Karɓa, Amma da Sharaɗi

'Yan'uwa malamai da iyalanmu, akwai wata shawara da ake ta juyawa a tsakanin masu kishin ilimi, wadda ya kamata reshenmu ya tsayar da matsaya a kanta tun kafin a zo a same mu da ita a ƙofar aji. Shawarar ita ce a tattara kwamfutocin da bankuna da ma'aikatu da kamfanoni suka daina amfani da su, a yi musu garambawul, a miƙa su ga 'ya'yan marasa ƙarfi su riƙa karatu da su a gida. Wasu daga cikinmu na ganin alheri ne tsantsa, wasu kuma na ganin wata sabuwar hanya ce ta jibge mana shara da sunan taimako. Ni dai ra'ayina shi ne mu goyi bayan shirin, mu ma shige gaba wajen tsara shi, amma bisa sharuɗɗa bayyanannu. Idan babu waɗannan sharuɗɗa, gara a bar kowace na'ura a inda take.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa ba ɓoyayye ba ne. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu gaba ɗaya kan kwamfuta. A 2024 hukumar WAEC ta fara gwada wannan tsari da masu zana jarrabawa daga waje, kuma a 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta bayyana aniyarta ta mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan na'ura. Mu kanmu ba mu tsira ba, domin jarrabawar cancanta ta hukumar yi wa malamai rajista, TRCN, a gaban kwamfuta ake zana ta. Ke nan yaron da yake aji huɗu a hannunmu yau, duk wata ƙofa da zai ƙwanƙwasa nan gaba, ta makaranta ce ko ta neman aiki, sai ya bi ta gaban wannan na'ura. Gaskiya ne JAMB ta sauƙaƙa, har ana iya amsa tambayoyinta da maɓallai kaɗan. Amma duk wanda ya taɓa raka ɗalibai cibiyar jarrabawa ya san yadda hannun yaro yake karkarwa idan ranar ce farkon zamansa gaban allo mai haske, agogo na ƙirga mintoci a saman kansa. Yakan ɓata rabin sa'a yana fama da tsoro, alhali amsar tana cikin kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, mu duba yadda muke koyar da darasin a halin yanzu. Manhajar karatun da hukumar NERDC ta tsara ta tanadi ilimin kwamfuta tun daga firamare, kuma muna shiga aji mu koyar da shi kamar yadda jadawali ya ce. Sai dai a yawancin makarantunmu da alli ake zana kwamfutar a jikin allo. Malam ya zana akwati mai kusurwa huɗu, ya ja kibiya, ya rubuta sunan kowane sashe, yara su haddace, su zuba a takardar jarrabawa, su ci maki. Yaro zai iya lissafa maka sassan kwamfuta biyar ba tare da ya san inda ake kunna ta ba. A gefe guda kuma ɗan mai hali, wanda ke makarantar kuɗi, tun yana aji biyu yake wasa da ta mahaifinsa. Su biyun za su haɗu a zaure ɗaya, a ba su tambayoyi iri ɗaya da lokaci iri ɗaya, sannan a ce an yi adalci.

Annobar korona ta ƙara fito da wannan giɓi fili. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, 'ya'yan masu ƙarfi suka ci gaba da ɗaukar darasi ta intanet, namu kuma aka bar su da abin da ya samu na rediyo da talabijin, ga wanda gidansu ke da batir ko wuta. Watanni suka shuɗe, muka dawo muka tarar da yara sun manta har haruffan da suka iya. A Ingila, ƙasar da ba ta rasa wuta ko littattafai ba, sai da gwamnati ta raba kwamfutoci da allunan hannu fiye da miliyan ɗaya ga 'ya'yan marasa ƙarfi, domin ta gano cewa gidaje da yawa ba su da abin da yaro zai yi karatu da shi. Mu kuwa ba annoba kaɗai ke rufe mana makaranta ba. Rashin tsaro na rufewa, ambaliya na rufewa, kuma idan an ƙure mu, yajin aiki ma na rufewa. A duk lokacin da aka garƙame ƙofar makaranta, abin da ke cikin ɗakin yaro shi ne kaɗai malaminsa.

Wani zai ce, me ya sa ba za a tara na'urorin a ɗaki ɗaya cikin makaranta ba? Ɗakin kwamfuta abu ne mai kyau, kuma ba na adawa da shi. Amma mu yi lissafi. Ajin da ke da yara tamanin, na'ura goma, darasi na minti talatin da biyar: kowane yaro zai samu abin da bai kai minti biyar ba a mako, in ma an samu wuta. Sannan mun san makomar irin waɗannan ɗakuna. Shugaban makaranta na tsoron kada abu ya ɓace a tuhume shi, sai ya sa kwaɗo ya riƙe makulli, ba a buɗewa sai ranar da manyan baƙi za su zo. Iya sarrafa kwamfuta kuwa kamar hawan keke ne, ba ya samuwa sai da yawan taɓawa, da kuskure, da sake gwadawa. Wannan lokaci a gida yake, bayan la'asar, da ranakun hutu. Kuma na'urar da ta shiga gida ba yaro ɗaya take amfana ba: ƙannensa za su leƙa, yayarsa da ke shirin JAMB za ta gwada hannunta.

Dalilin da ya sa ake maganar tsofaffi ba sababbi ba shi ne kuɗi. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa, ko mafi araha, sai an haɗa wannan albashi na watanni da yawa. Amma manyan ofisoshi sukan sauya na'urorinsu bayan 'yan shekaru, alhali ba abin da ya same su illa batir da ya yi sanyi ko ma'ajiyar da ta yi nauyi. Yanzu ma an shiga wani lokaci na musamman: a ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da manhajar Windows 10, kuma ɗimbin kwamfutoci masu lafiya ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Ofisoshi za su yi ta fitar da su. Irin waɗannan na'urori suna aiki sarai idan aka ɗora musu manhajar Linux, wadda kyauta ce kuma ba ta da nauyi. Ƙasar Kanada ta daɗe da gane haka. A 1993 ta kafa shirin karɓar tsofaffin kwamfutocin gwamnati da na kamfanoni, matasa masu koyon sana'a su gyara, a raba wa makarantu da mabuƙata, kuma ta wannan hanya an raba fiye da miliyan ɗaya.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kuma dole a faɗe ta ko da ba ta yi wa masu goyon bayan shirin daɗi ba: miƙa wa yaro kwamfuta kawai ba ya ƙara masa ƙoƙari a aji. An gwada, an auna. A ƙasar Peru, inda gwamnati ta raba ɗaruruwan dubban ƙananan kwamfutoci ga yaran karkara, binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 kan makarantu 319 bai ga wani ci gaba a lissafi ko karatun harshe ba, duk da cewa yaran sun iya sarrafa na'urar. A Romaniya gwamnati ta ba iyalai marasa ƙarfi takardar tallafin yuro 200 don sayen kwamfuta. Da masu bincike suka bi sawu, sai suka tarar yaran sun ƙware da na'ura, amma makinsu a makaranta ya ragu, saboda wasanni sun cinye lokacin aikin gida. Inda aka samu sauƙin wannan koma-baya shi ne gidajen da iyaye suka kafa doka kan yin aikin makaranta. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuma an raba kwamfutoci kyauta a wani gwaji da ya ƙunshi ɗalibai 1,123, aka ƙare ba a ga bambanci a sakamakonsu ba, ba sama ba ƙasa.

Mu ma a nan gida muna da namu darasin. A 2007 an kai ƙananan kwamfutocin nan masu launin kore da fari, na shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro wanda Nicholas Negroponte ya jagoranta, wata makarantar firamare a Galadima da ke gefen Abuja. Duniya ta yi ta ɗaukar hoto. Ba a jima ba labari ya fito cewa wasu yara na shiga shafukan batsa da su, sai daga baya aka sa matattara. Babban cinikin da aka yi ta yayatawa cewa Najeriya za ta yi kuma bai tabbata ba. A shekarar nan ta 2007 ƙasar Uruguwai ta fara nata shirin mai suna Ceibal, amma ita ta ba malamai nasu na'urorin, ta horar da su, ta kai intanet makarantu, ta kafa tsarin gyara, ta kuma ci gaba da zuba kuɗi shekara da shekaru. Da korona ta zo, tana cikin ƙasashen da yaransu suka ci gaba da karatu ba tare da dogon tsaiko ba. Na'ura iri ɗaya aka fara da ita a wuraren biyu. Abin da ya raba su shi ne tanadin da aka kewaye ta da shi.

Saboda haka kada mu yarda kowa ya yi wa iyaye alƙawarin cewa kwamfuta za ta mayar da ɗansu na ɗaya a aji. Abin da aka tabbatar tana bayarwa shi ne sabo da ƙwarewar hannu, kuma a ƙasar da jarrabawa ta koma kan na'ura wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne. Sauran amfanin, na karatu da lissafi, yana samuwa ne idan akwai abin karantawa a cikinta, akwai malamin da ya ba da aiki zai kuma duba, akwai babba a gida da ke sa ido.

Akwai ƙorafi na biyu da na fi jin nauyinsa, domin daga bakin abokan aiki masu gaskiya yake fitowa. Suna cewa: yara na zaune a ƙasa, rufin aji na yoyo, ɗan aji biyar bai iya karanta jimla ɗaya da Hausa ba, ƙarin girmanmu ya maƙale, wasunmu na bin bashin haƙƙoƙinsu, sannan a zo ana maganar kwamfuta? Wannan magana tana kan hanya, kuma ita ce ta sa nake cewa sharaɗin farko shi ne kada a taɓa ko kwabo daga kuɗin gini, kujeru, littattafai ko albashi domin wannan shiri. Kada kuma wani ɗan siyasa ya raba na'ura hamsin a gaban 'yan jarida ya ce ya gama da ilimi. Amma idan muka ce sai an gyara komai kafin ɗan talaka ya taɓa kwamfuta, to mun yanke wa yaran da ke hannunmu yanzu hukuncin jira har su girma, alhali hukumomin jarrabawa ba su jira kowa ba. Yaron da bai iya karatu ba kuwa, aikinmu ne mu koya masa da allo da littafi. Shi ya sa nake ganin a fara ba da na'urar daga aji biyar da shida, ga waɗanda suka riga suka kama karatu, ta zama abin da na ƙasa da su za su yi ƙoƙarin kaiwa gare shi.

Ƙorafi na uku shi ne na shara, kuma tarihi ya ba masu yin sa hujja. Ba mu manta da 1988 ba, lokacin da aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu. Irin wannan ta'asa ce ta sa duniya ta ƙulla yarjejeniyar Basel a 1989, ƙasashen Afirka kuma suka ƙulla ta Bamako a 1991. Duk da haka, wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin jiragen ruwan Legas ya nuna cewa a 2015 da 2016 ana shigo da kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu a kowace shekara, kuma aƙalla tan 15,400 daga ciki matattu ne tun daga can. Da yawansu a cikin motocin gwanjo ake cusa su. Tsohon allon kwamfuta mai ƙaton ƙeya yana ɗauke da dalma a gilashinsa, wayoyin ciki kuma idan aka ƙona su don cire tagulla hayaƙinsu guba ne. Wanda ya ga hotunan Agbogbloshie a birnin Accra, inda matasa, da yawansu 'yan ci-rani daga arewacin Gana, suka yi shekaru suna wannan ƙone-ƙone, ya san abin da ake nufi. Mu kuma a Arewa ba sai an yi mana bayanin dalma ba, tun da muka ga yadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake ta can daga haƙar zinari ta fito. Kyautar da za ta mutu bayan wata biyu, ta ƙare a bola inda yara ke tsince-tsince, cuta ce aka kawo mana.

To waɗanne sharuɗɗa ne za su raba taimako da zubar da shara? Na farko ya shafi ita kanta na'urar. A karɓi ta tafi-da-gidanka kawai, wadda aka gwada aka tabbatar tana aiki, aka sa mata batir mai riƙe caji da abin cajinta. A fara neman ta a cikin gida, wurin bankuna da kamfanonin sadarwa da ma'aikatun da kan yi gwanjon kayansu a ɓoye, kafin a waiwayi ta ƙetare. A goge duk bayanan da ke cikinta gogewa ta haƙiƙa, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, kuma babu bankin da zai saki na'urarsa sai ya samu wannan tabbaci. Kowace na'ura a buga mata lamba a jiki, a shigar da ita rajista, kuma mai bayarwa ya amince a rubuce cewa idan ta mutu za a mayar da ita ga masu sarrafa irin wannan shara da hukumar NESREA ta sani.

Na biyu, a cika ta da abin karatu tun kafin ta bar hannun masu gyara, ta yadda ba ta buƙatar intanet. Uban da ke fafutukar awon gobe ba zai sayi data ba, kuma rashin intanet ɗin ma kariya ce daga abin da ya faru a Galadima. Kayan da za a zuba akwai su kyauta. Manhajar Kiwix tana ba da damar karanta Wikipedia, har da ta Hausa, ba tare da haɗi ba. Manhajar Kolibri an yi ta ne musamman domin darussa a inda babu intanet. Shirin African Storybook yana da ƙananan littattafan labarai na yara da Hausa da Turanci. Akwai manhajojin koyon buga rubutu da na wasannin lissafi. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tare da UNICEF da Microsoft sun ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport mai darussa bisa manhajar karatunmu, kuma ya dace a nemi hanyar amfana da shi. Sannan mu malamai mu ƙara da namu: tambayoyin gwaji irin na jarrabawar shiga sakandare, waɗanda muka tsara da hannunmu.

Na uku, wuta. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Najeriya kimanin miliyan 85 ba su da wutar gwamnati, kuma waɗanda ke da ita sun san halinta. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Duk shirin da ya dogara da soket ɗin gidan talaka ya mutu tun ba a haife shi ba. Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta cin wuta sosai, ba ta kai abin da tsohon ƙwan fitila mai zafi ke ci ba. Faifan sola kaɗan da batir a ofishin shugaban makaranta sun isa a yi wa na'urori ashirin caji da rana, lokacin da yara ke aji, a tashi kowa ya ɗauki tasa. Wannan yana da wata fa'ida: na'urar za ta riƙa dawowa makaranta kullum, malami ya gan ta da idonsa, yaron kuma ya samu ƙarin dalilin zuwa.

Na huɗu, aro za a bayar, ba kyauta ba. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, ko aka kwantar da mai jinya a asibiti, idan akwai abin sayarwa a ɗaki za a sayar, kuma ba wanda zai zarge su. Amma idan kayan makaranta ne, mai lamba a jiki, wanda uba ko uwa suka sa hannu a gaban kwamitin kula da makaranta da mai unguwa, to amana ce, kuma mutanenmu sun san nauyin amana. Yaro ya riƙe ta zango ɗaya ko shekara ɗaya, ya gama ya miƙa wa na bayansa. Zaɓen waɗanda za a ba kuwa a yi shi a bainar jama'a, bisa ma'auni da aka sanar tun farko: maraya, ɗan gidan da ba su da ƙarfi, mai zuwa makaranta a kai a kai. A nan sai mun yi wa kanmu faɗa. Da yawanmu muna cikin masu buƙata, kuma 'ya'yanmu na cikin waɗannan azuzuwa. Ɗan malami ya bi layi kamar kowa, kuma malamin da ɗansa ke cikin masu nema ya fita daga zaman zaɓe. Ranar da aka ce malamai sun raba wa 'ya'yansu, ranar shirin ya rushe, mutuncin ƙungiya kuma ya bi shi.

Na biyar ya shafi iyaye, musamman iyaye mata, da kuma 'ya'ya mata. A raba na'urorin daidai tsakanin maza da mata, a kuma bi sawu, domin mun san abin da kan faru: a ba yarinya, yayanta namiji ya karɓe, ita kuma a tura ta talla ko wanke-wanke. Kafin a miƙa kowace na'ura a kira iyaye a zauna da su, a nuna musu yadda ake kunnawa da kashewa, a gaya musu cewa a tsakar gida ko a ɗakin uwa za a yi amfani da ita, a idon kowa, kuma sai an gama aikin makaranta da na Islamiyya ko na coci da aiken gida. Uwa ba ta buƙatar ta iya boko kafin ta gane ɗanta karatu yake yi ko wasa. Darasin Romaniya ke nan, kuma bai saɓa wa tarbiyyar da muka gada ba: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na shida, wanda ya fi shafar mu kai tsaye: a fara da malami. Da yawanmu mun fito daga kwalejin ilimi da takardar NCE, mun ci kwas ɗin kwamfuta a takarda, amma ba mu samu zama da ita ba. Ba abin kunya ba ne, haka tsarin ya same mu. Abin kunyar shi ne a ba ɗalibi na'ura, ya zo da tambaya, malaminsa ya kore shi don kada asiri ya tonu. Duk malamin da ajinsa zai shiga shirin a ba shi tasa, a horar da shi a lokacin aiki, ba a ranakun hutunsa ba kuma ba da kuɗin aljihunsa ba. Kada kuma a ɗora masa biyan diyyar na'urar da ta lalace a gidan wani. Gyara ma a yi masa tanadi tun farko, domin ƙurar hunturu da zafin bazara ba sa raga wa na'ura. Muna da matasa masu gyaran waya da kwamfuta a kowane gari, irin waɗanda suka cika kasuwar Farm Centre da titin Beirut a Kano. A ƙulla yarjejeniya da su, a ware na'ura biyu ko uku cikin kowace ashirin domin cire kayan gyara.

Wa zai biya kuɗin batir da sola da horo? Akwai inda za a ƙwanƙwasa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma shekara da shekaru ana kukan cewa biliyoyin naira na kwance saboda wasu jihohi ba su kawo nasu kason ba. Hukumar sadarwa ta NCC tana da asusun USPF da aka kafa domin kai fasahar sadarwa inda ba ta kai ba, hukumar NITDA ma aikinta ke nan. Ga ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, ga 'yan kasuwar gari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai wani ya fara kira kafin a taru, kuma ƙungiyar da ta tsaya wa malamai tun 1931 ba ta rasa bakin yin wannan kira ba.

Don haka ina roƙon shugabannin reshe su sa wannan batu cikin ajandar taronmu na gaba. A kafa ƙaramin kwamiti, da mata a cikinsa, ya rubuta waɗannan sharuɗɗa a shafi ɗaya, a kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar SUBEB. A zaɓi makaranta biyu, ɗaya a gari ɗaya a ƙauye, a fara da na'ura ashirin-ashirin. A gwada yaran kafin a ba su, a sake gwada su bayan shekara: saurin buga rubutu, fahimtar abin da suka karanta, lissafi, yawan zuwa makaranta, da adadin na'urorin da suka rage da rai. Abin da aka samu a buga shi a wannan mujalla, mai daɗi ko marar daɗi. Idan ya yi kyau mu faɗaɗa da hujja a hannu. Idan bai yi ba mu tsaya, ba mu yi asarar komai ba sai tsofaffin na'urori. Wanda duk ya zo mana da kwamfuta bisa waɗannan sharuɗɗa, muna maraba da shi. Wanda kuma ya zo da mota cike da matattun kaya da mai ɗaukar hoto a bayansa, mu yi masa godiya, mu nuna masa hanyar komawa da kayansa.